Malta da fadar Fafaroma: tsibirin da aka taɓa cewa zaɓen wata jam'iyya babban zunubi ne

1/ Jama'a, akwai wata ƙasa a Turai da ke kiran Talata "it-Tlieta", Laraba "l-Erbgħa", Alhamis "il-Ħamis", Juma'a kuma "il-Ġimgħa". Ubangiji ma "Alla" suke ce masa. Kuma mafi yawansu Kiristoci ne 'yan Katolika. Sunanta Malta. Zaren yau a kanta ne, da doguwar alaƙarta da fadar Fafaroma. Ku gyara zama, da ɗan tsawo 🧵

2/ Malta 'yan tsibirai ne a tsakiyar Bahar Rum, manyan su ne Malta da Gozo. Kimanin kilomita 90 daga Sisili ta Italiya, 300 da 'yan kai daga gaɓar Libiya. Faɗinta duka murabba'in kilomita 316. Ƙaramar hukumarmu ta Gagarawa ta fi ta faɗi, Sule Tankarkar kuwa ba a ma magana. Amma mutum sama da 500,000 ne cunkushe a ciki.

3/ Ɗaya ɓangaren ya fi ta ƙanƙanta, don Vatican ba ta kai rabin murabba'in kilomita ba. Sai dai da kujerar Fafaroma ake ƙulla hulɗar jakadanci, wato shugabancin ɗariƙar Katolika na duniya, wanda ya daɗe yana aika jakadu tun kafin a kafa ƙasar Vatican a 1929. Yau yana da hulɗa da ƙasashe sama da 180. Nijar tun 1971, Najeriya tun 1975.

4/ To tambayar ita ce: ƙasar da kowace unguwa ke da coci, ga bishop-bishop ɗinta 'yan gida, me za ta yi da jakadan Fafaroma? Amsar da na gani a tarihinsu: duk sanda rigima ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu mulki da shugabannin cocin gida, birnin Rum ake garzayawa. Kamar dai wanda hakimi ya gagare shi ya wuce fadar sarki. Wani lokaci hakan ya cece su, wani lokaci ya ɗaure musu hannu.

5/ Bari mu ɗan koma baya a gurguje. Kiristocin Malta na danganta addininsu da Bulus, wanda littafinsu ya ce jirginsa ya tarwatse a gaɓar tsibirin wajen shekara ta 60. A 870 Aglabawa daga Tunisiya suka ci tsibirin. A 1091 Normawa suka karɓe, amma Musulmi sun ci gaba da zama har wajen tsakiyar ƙarni na 13, lokacin da aka kori waɗanda suka ƙi barin addininsu.

6/ Addinin ya tafi, harshen ya zauna. Shi ya sa tsohon babban birninsu sunansa Mdina, na kusa da shi Rabat, azumin Kiristocinsu na kwana 40 kuma "Randan" suke ce masa. Kun dai ji daga inda kalmar ta fito.

7/ Labarin Fafaroma ya shigo sosai ne a 1530. Akwai wata rundunar barade 'yan addini, Baraden Yohanna, da Fafaroma ya amince da su tun 1113. Ba su ƙarƙashin kowane sarki sai shi. A 1522 Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya (ta Turkiyya fa, ba tamu ta Sakkwato ba) ya fatattake su daga tsibirin Rhodes. Suka yi shekaru suna gararamba babu masauki.

8/ Fafaroman lokacin, Clement na 7, shi kansa tsohon ɗan rundunar ne. A zamaninsa Sarki Charles na 5 ya ba su Malta da Gozo da birnin Tarabulus na Libiya. Kuɗin haya: shaho guda ɗaya a shekara. Eh, tsuntsu. Ban taɓa jin haya mai arha irin wannan ba.

9/ Tarabulus ba ta daɗe a hannunsu ba. A 1551 Turkawa suka ƙwace ta, a shekarar kuma suka kwashe kusan duk mutanen Gozo, wajen 5,000, suka kai Libiya a matsayin bayi. A 1565 suka dawo da niyyar gamawa da Malta gaba ɗaya, aka yi wata kusan huɗu ana gwabzawa, suka koma ba nasara. Bayan nan Fafaroma ya ba da kuɗi da injiniyansa Francesco Laparelli aka gina Valletta, babban birnin yanzu.

10/ Wani zai ce ina ruwan Bahaushe da wannan. To Tarabulus ɗin nan ita ce ƙofar arewa ta hanyar fataken da ke saukowa Fezzan zuwa Borno da Agadas da ƙasar Hausa. Bayan ta koma hannun Turkawa ne Mai Idris Alooma na Borno ya yi musayar wasiƙu da Sarki Murad na 3 a shekarun 1570.

11/ Ta wannan ƙofar ce ma Rum ta taɓa gwada iso mu. Ofishin yaɗa addini na Fafaroma ya ji labarin wai akwai Kiristoci a Kwararrafa. A 1710 wani fada, Carlo Maria mutumin Genoa, ya taso daga Tarabulus da abokin tafiyarsa, suka bi ta Fezzan da Agadas. A Katsina ciwo ya kashe su a 1711. Shi ke nan, a nan tafiyar ta tsaya. Mu koma Malta.

12/ Tsibiri ƙarami, masu iko biyu: shugaban barade da bishop. Ba su jituwa. A 1574 shugaban barade La Cassière ya kai ƙara Rum, Fafaroma Gregory na 13 ya aiko wani mai suna Pietro Dusina ya shiga tsakani. Ya zo sasanci, sai kujerar ta zama ta dindindin: alƙalin binciken aƙida kuma wakilin Fafaroma a tsibirin. Masu iko suka zama uku. La Cassière ya je neman mai raba faɗa ya samo wa kansa kishiya.

13/ Amma ta yi masa rana. A 1581 baradensa suka yi masa juyin mulki suka kulle shi. Fafaroma ya kira shi Rum, ya mayar masa da muƙaminsa. A can ya rasu kafin ya dawo gida.

14/ Sama da mutum 60 ne suka riƙe wannan kujera daga 1574 zuwa 1798, fadarsu na nan har yau a garin Birgu. Biyu daga cikinsu sun zama Fafaroma: Fabio Chigi ya zama Alexander na 7 a 1655, Antonio Pignatelli ya zama Innocent na 12 a 1691. Wato Malta ta zama wurin horar da manyan gobe na Rum. Wanda ya iya zama tsakanin barade masu girman kai da bishop, ai ya iya komai.

15/ Wani abin da ya ɗau hankalina a takardun kotun nan: Malta cike take da bayi Musulmi da aka kamo a teku, kuma 'yan gari Kiristoci kan lallaɓa wurinsu neman laya da duba. A 1605 an gurfanar da wani bawa ɗan Alƙahira, Sellem bin al-Sheikh Mansur, kan irin wannan. Mutum dai mutum ne, ko'ina ka je akwai masu bin malamin tsibbu a ɓoye.

16/ Yuni 1798 Napoleon ya tsaya Malta a hanyarsa ta zuwa Masar. Cikin 'yan kwanaki ya kori barade, ya rufe kotun aƙida, ya 'yanta bayi. Amma mutanensa suka shiga kwasar kayan coci. Ranar 2 ga Satumba suka yi yunƙurin gwanjon kayan wata coci a Mdina, gari ya tashi. Wata uku kacal da zuwansu. Bayan shekara biyu Faransawa suka miƙa wuya, Ingila ta gaje wurin.

17/ Turawan Ingila sun ɗau darasi. Su 'yan Furotesta ne, amma suka yi alkawarin ba za su taɓa addinin Katolika ba, suka girmama bishop, suka bar wa coci filayenta da makarantunta. Idan kun tuna alkawarin da Lugard ya yi a Sakkwato a Maris 1903, cewa ba za a tsoma baki a addini ba, to dabarar ɗaya ce: riƙe manyan addini da kyau, su riƙe maka talakawa.

18/ Matsalar ita ce manyan addinin Malta ubangidansu na Rum, ba ya ƙarƙashin tutar Ingila. A lokacin ma Ingila ba ta da jakada a fadar Fafaroma. Dole a 1889 ta tashi wani janar, tsohon gwamnan Malta Sir Lintorn Simmons, ya je ya zauna da Kadinal Rampolla kan yadda za a riƙa naɗa bishop, da batun aure, da koya wa limaman coci Turanci. Daula mafi girma a duniya a lokacin, ga ta a layin ganin Fafaroma saboda tsibirin da bai kai Gagarawa ba.

19/ Yanzu muka zo inda labarin ya yi zafi. A 1927 Lord Gerald Strickland ya zama firaminista a ƙarƙashin mulkin kai na cikin gida. Uwarsa 'yar Malta, ubansa Bature ɗan Ingila, shi kansa ɗan Katolika ne. Yana son Turanci da harshen Malta, manyan coci da lauyoyi kuma suna son Italiyanci. Ga Mussolini a Italiya yana kallon Malta kamar gonar gado.

20/ Abin da ya kunna wutar ƙaramin abu ne. Wani shugaban limamai ɗan Italiya ya umarci wani limami ɗan Malta ya bar tsibirin ya koma Sisili. Strickland ya ce baƙo ba zai kori ɗan ƙasa daga ƙasarsa ba. Coci ta ce wannan harkar cikin gidanta ce. Rum ta aiko Paschal Robinson, ɗan Ayalan, ya yi bincike a 1929. Ba a daidaita ba.

21/ Ranar 1 ga Mayu 1930, ana dab da zaɓe, bishop na Malta Mauro Caruana da na Gozo Michael Gonzi suka fitar da wasiƙa: duk wanda ya zaɓi Strickland ko 'yan takararsa ya aikata babban zunubi. A aƙidarsu, irin zunubin da idan ka mutu da shi ba ka tuba ba, wuta ce. Ku riƙe sunan Gonzi, zai dawo.

22/ Ingila ta dakatar da zaɓen, ta jingine tsarin mulkin, ta kuma bar ofishin jakadancinta na fadar Fafaroma a hannun mai riƙon ƙwarya har 1933 don nuna fushi. A ƙarshe Strickland ne ya sauko ya nemi gafara a 1932. Aka janye hukuncin, aka yi zaɓe, ya sha ƙasa.

23/ Shekara 30 bayan haka aka maimaita, wannan karon ya fi muni. Gonzi ya zama babban bishop. Abokin karawarsa Dom Mintoff, shugaban jam'iyyar Leba, ɗan ma'aikacin sojan ruwa, wanda ya yi karatu a Oxford, mutum mai baki da taurin kai. Abin dariyar, Gonzi kansa ya taɓa zama sanatan Leba a 1921.

24/ Mintoff na son a raba coci da gwamnati: a ba da damar auren kotu, a binne kowa a maƙabartar gwamnati ba tare da izinin coci ba, a hana limamai tsoratar da masu zaɓe da zunubi. Ga shi kuma jam'iyyarsa ta ƙulla alaƙa da wata ƙungiyar haɗin kan Afirka da Asiya mai hedikwata a Alƙahira. Gonzi ya ce wannan kwaminisanci ne ya shigo ta taga.

25/ Ranar 8 ga Afrilu 1961 aka ƙaƙaba wa shugabannin Leba takunkumin coci. Daga baya karanta jaridar jam'iyyar ko sayar da ita ya zama babban zunubi, haka ma jefa mata ƙuri'a. Idan suna gangami sai a dinga kaɗa ƙararrawar coci don kada a ji jawabi. Wanda takunkumin ya hau kansa idan zai yi aure, ba a gaban jama'a za a ɗaura ba, sai a ɗakin ajiye kayan coci.

26/ Mafi ciwo shi ne mutuwa. A babbar maƙabartar Addolorata akwai wani ɓangare da ba a tsarkake ba, mutane na kiransa "il-Miżbla". Masu Larabci sun riga sun gane: bola, juji. Can aka binne wasu 'yan Leba. Cikinsu har da Ġużè Ellul Mercer, marubuci kuma tsohon mataimakin firaminista, da ya rasu a 1962.

27/ Ku ɗan yi tunanin wannan a garinku. Babanku ya rasu, a ce ba za a kai shi inda aka kai iyayensa ba saboda katin jam'iyyar da ke aljihunsa. Gidaje sun rabu a kan haka, wa da ƙane ba sa gaisawa. Dattawan da suka ga zamanin NEPU a ƙasar Kano da Gumel da Haɗeja sun san ɗanɗanon a yi maka kallon fitsararre saboda jam'iyya. Mu kuma da muka ga zaɓukan baya-bayan nan mun ji irin yaren daga kan mumbari, a masallaci da coci duka.

28/ Ya yi aiki? A gajeren zango, eh. A zaɓen 1962 Leba ta samu kujera 16 cikin 50, ta faɗi. Amma ku lura: kusan mutum ɗaya cikin uku ya ji an ce masa wuta, ya je ya dangwala musu duk da haka. A 1966 kujerun suka zama 22. A ganina tun daga nan coci ta fara asara, don ta koya wa dubban mabiyanta cewa ana iya saɓa wa bishop gari ya waye lafiya.

29/ Ana cikin wannan Malta ta samu 'yanci, 21 ga Satumba 1964, ƙarƙashin George Borg Olivier na jam'iyyar 'yan kishin ƙasa. Ranar 15 ga Disamba 1965 aka ƙulla cikakkiyar hulɗar jakadanci da fadar Fafaroma. Jakadan farko Ba'amurke ne, Martin O'Connor.

30/ Ku duba kwanan watan da kyau. Mako guda kafin nan aka rufe babban taron ɗariƙar Katolika na duniya, wanda ake kira Vatican na 2, kuma a ƙarshensa aka amince da takardar 'yancin addini. Wato Rum ta riga ta matsa gaba, cocin Malta na nan a 1930. Yanzu kuma ga idon Rum zaune a tsibirin yana aika rahoto.

31/ Ba a jima ba aka dawo da wani ɗan Malta da ke aikin jakadancin Fafaroma a waje, Emanuel Gerada, aka naɗa shi bishop mai taimaka wa Gonzi. Shi ya yi ta zirga-zirga tsakanin ɓangarorin. Ranar 4 ga Afrilu 1969 aka sa hannu a sulhu, coci ta daina amfani da zunubi a matsayin sandar zaɓe. A 1971 Mintoff ya ci, da ratar kujera ɗaya tak, 28 da 27.

32/ Kada ku ɗauka Mintoff waliyyi ne. Da ya samu wuƙa da nama shi ma ya yi abin da ya ga dama. A 1974 Malta ta zama jamhuriya, tsarin mulki ya bar Katolika a matsayin addinin ƙasa. A 1975 ya kawo auren kotu. Ya rungumi Gaddafi, wanda ya aza harsashin masallacin Paola a 1978. A 1979 sojan Ingila na ƙarshe ya fice. Daga nan ya juyo kan asibitoci da filaye da makarantun coci.

33/ Alaƙa da Rum ta yi sanyi, har daga 1978 zuwa 1985 babu cikakken jakadan Fafaroma a Malta. A 1983 gwamnati ta yi dokar ƙwace wani kaso na dukiyar coci, kotu ta soke ta. A 1984 aka zo kan makarantu. Taken gwamnati: ko kyauta, ko babu. Ta ce makarantun coci su daina karɓar kuɗin makaranta, ta hana takwas daga cikinsu lasisi.

34/ A nan fa ni ina ganin kowa na da gaskiyarsa. Gwamnati na cewa makarantu masu kyau sun zama na masu hali, ɗan leburan tashar jirgin ruwa ba ya shiga. Coci na cewa idan babu kuɗin makaranta wa zai biya malamai, kuma ta san ƙarshen maganar a karɓe makarantun ne. Mu ma an yi haka: a 1970 tsohuwar Jihar Gabas ta Tsakiya ta karɓe makarantun mishan, sai zamanin Peter Obi aka mayar da na Anambra.

35/ Ƙarshen Satumba 1984 wasu ma'aikatan tashar jirgin ruwa magoya bayan gwamnati suka afka wa ofishin babban bishop a Floriana suka yi kaca-kaca da shi. Babban bishop Joseph Mercieca ya rufe duk makarantun coci. Makonni yara na karatu a ɓoye a falon gidajen mutane, malamai na bi gida-gida.

36/ A ina aka warware? A Rum. Gwamnatin Leba ta fi son magana da Vatican kai tsaye, ƙasa da ƙasa, maimakon zama da bishop ɗin da take ganin yana tare da 'yan adawa. A Afrilu 1985 aka cimma matsaya cewa za a bi a hankali a mayar da karatun kyauta, a kuma zauna kan batun dukiya. Ƙarshen shekarar aka naɗa sabon jakada, Pier Luigi Celata, wanda ya yi sama da shekara 9 yana wannan cinikin.

37/ Gwamnatin Eddie Fenech Adami da ta hau a 1987 ce ta ƙarasa. Ranar 28 ga Nuwamba 1991 aka sa hannu kan yarjejeniyoyi biyu. Coci ta miƙa wa gwamnati filaye da gidajen da ba ta amfani da su wajen ibada ko hidimar jama'a, aka ba ta takardun lamuni na kimanin lira miliyan 28 na kuɗin Malta. Gwamnati ta ɗauki albashin malaman makarantun coci, makarantun suka daina cajin kuɗi, sai gudummawar iyaye.

38/ Yau sama da ɗaya cikin huɗu na ɗaliban Malta a makarantun coci suke, kuma mafi yawan guraben shiga da ƙuri'a ake raba su, irin ta caɓe. Ɗan minista da ɗan mai shara ƙwarya ɗaya ake jefa sunansu. Abin da Mintoff ya nema da ƙarfin tsiya, an same shi a teburi a hannun abokan hamayyarsa, coci kuma ba ta rasa makarantunta ba.

39/ Sai dai hanyar Rum tana da kuɗinta. Abin da ka sa wa hannu da fadar Fafaroma yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ce, majalisa ba za ta tashi da safe ta goge shi ita kaɗai ba. A Fabrairu 1993 aka yi ta aure: auren coci ya samu ƙarfin doka, kuma idan ɗaya daga ma'aurata ya kai ƙarar rushe aure kotun coci, ta gwamnati sai ta dakata ta jira.

40/ Ga shi kuma babu saki a dokar Malta kwata-kwata. Mu da saki ya yi mana yawa har ana wa'azi a kai, zai yi mana wuyar fahimta. Aure ya mutu murus, kowa ya kama gabansa, wasu har da 'ya'ya a wani gidan, amma a takarda suna nan mata da miji. Mai kuɗi kan je waje ya samo takardar saki a amince masa da ita a gida. Talaka sai haƙuri.

41/ Ranar 28 ga Mayu 2011 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 53 cikin 100 suka ce a halatta saki. Firaministan lokacin Lawrence Gonzi ne, jika ga ɗan'uwan wancan babban bishop ɗin. Ya bari dokar ta wuce, amma shi da kansa ya jefa ƙuri'ar ƙin amincewa a majalisa. Bayan Malta, Filifin da Vatican kaɗai suka rage babu saki.

42/ Duk da haka fifikon kotun coci bai faɗi da ƙuri'ar jama'a ba, tunda yana cikin yarjejeniya. Sai da aka koma teburi da fadar Fafaroma, a Janairu 2014 aka sa hannu kan gyaran da ya cire shi.

43/ Ɗan ƙarin da ya shafe mu kai tsaye. Tun da Vatican ta ƙulla hulɗa da Libiya a 1997, galibi jakadan da ke zaune a Malta shi ke kula da Libiya. Tsohuwar hanyar nan ta Tarabulus ba ta mutu ba. Yau matasa ne ke binta: a ƙetare iyaka ta wurare irin su Maigatari, a bi Damagaram, Agadas, Sabha, sai bakin teku. Wanda jirgin robarsa bai nutse ba, wani lokaci Malta ce ƙasar farko da zai taka, kuma sau da yawa sansanin tsare baƙin haure ne ke jiransa.

44/ Fafaroma John Paul na 2 ya je Malta a 1990 da 2001, Benedict na 16 a 2010. Da Francis ya je a Afrilu 2022, wurin da ya rufe ziyararsa da shi wata cibiyar baƙin haure ce a Ħal Far, inda ya zauna ya saurari 'yan Afirkan da suka tsallako ta Libiya. Wanda ya kafa cibiyar a 1971 wani fada ne, Dionysius Mintoff. Ƙanen Dom Mintoff, uwa ɗaya uba ɗaya.

45/ Batun waɗanda aka binne a "bola" kuwa, babu yarjejeniyar da ta taɓo shi, ba ta 1985 ba, ba ta 1991 ba. An dai rushe katangar da ta ware ɓangaren daga sauran maƙabartar. Sai a Nuwamba 2019 babban bishop Charles Scicluna ya je Addolorata, ya tsaya kan kabarin Ellul Mercer da na sauran, ya yi musu addu'a, ya nemi gafara. Shekara 57 ke nan bayan an binne mutumin.